Robert Leiper: Likitan da ya bi sawun kurkunu da tsargiya har cikin ruwan tafki

Matashin da aka haifa a Tahoua daga shekarar 2000 zuwa yau, da wuya a ce ya taɓa ganin kurkunu da idonsa. Sai dai ya ji labari a bakin manya, ko ya ga tabo a idon sawun kakansa. Amma duk wanda ya yi wayo a ƙauyukan Adar kafin shekarun 1990 ya san abin da ake nufi idan aka ce kurkunu ya kwantar da maigida a tsakiyar damina: gona ta cika da ciyawa, noman farko ya wuce, rumbu kuma ba zai cika ba.

A watan Disambar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijar da Najeriya takardar shaidar rabuwa da wannan cuta. Babu allurar rigakafi, babu ƙwayar magani da ta yi wannan aiki. Abin da ya yi shi shi ne sanin hanyar da tsutsar ke bi ta shiga jikin mutum, da toshe wannan hanya. Daga cikin waɗanda suka fi ba da gudummawa wajen samar da wannan sani akwai wani likita ɗan ƙasar Scotland mai suna Robert Thomson Leiper, wanda masana da dama ke kira uban ilimin tsutsotsi na zamani. Bai taɓa taka ƙasar Adar ba, amma cututtuka biyu da ya fi shahara a kansu, kurkunu da tsargiya, duk mutanen yankin sun san su.

Ɗan tela da tarin fuka ya mayar maraya

An haifi Leiper a ranar 17 ga Afrilun 1881 a garin Kilmarnock da ke Scotland. Mahaifinsa tela ne. Yana ƙarami iyalin suka koma Ingila, inda ya yi karatu a makarantar Warwick. Yana da shekara 14 tarin fuka ya kashe mahaifin nasa, a zamanin da likitoci sun san ƙwayar cutar amma ba su da maganinta. Masu rubuta tarihinsa na danganta wannan rashi da yadda ya fi karkata ga binciken musabbabin cuta da hanyar kare ta, a kan zama a asibiti yana duba marasa lafiya.

Ya fara karatun kimiyya a Birmingham, sannan ya wuce Jami'ar Glasgow inda ya kammala karatun likitanci a 1904. Tun yana ɗalibi yake zuwa cibiyar nazarin halittun teku ta Millport yana duba ƙananan tsutsotsi da ke rayuwa a jikin wasu halittun ruwa. A nan ya ƙware wajen aiki da madubin ganin ƙananan halittu, ya kuma koyi haƙurin zama na sa'o'i yana bin abin da ido ba ya gani.

Wannan ƙwarewa ce ta kai shi ga Patrick Manson, wanda shi ma ɗan Scotland ne. Manson ne ya gano a 1877, a ƙasar Sin, cewa tsutsar da ke haddasa tundurmi tana girma a cikin sauro, shi ne kuma ya kafa makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi a Landan a 1899. A 1905 Manson ya ɗauki Leiper aiki a matsayin masanin tsutsotsi na makarantar, yana da shekara 24. A shekarar ce kuma aka tura shi birnin Accra, a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, domin ya binciki kurkunu.

Tambayar da ta kai shi Accra

Dalilin turawar bai ɓoyu ba. Kurkunu na kwantar da sojoji da 'yan dako da leburorin da gwamnatin mulkin mallaka ta Ingila ke dogaro da su, don haka hukuma ke son a san yadda za a tare shi.

Kafin lokacin an riga an san wani ɓangare na labarin. Wajen 1870 wani matashin masani ɗan Rasha, Alexei Fedchenko, da ke aiki a yankin Samarkand, ya gano cewa 'ya'yan kurkunu na shiga cikin wata 'yar halittar ruwa da masana ke kira cyclops, wadda za a iya kira ƙuman ruwa. Girmanta bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba. Idan aka ɗebo ruwan tafki a kwalba aka ɗaga ta a rana, akan ga wasu fararen ɗigo suna zillo. Su ne. Fedchenko ya rasu a 1873 a kan dutsen Mont Blanc yana da shekara 29, bai kai ga gwada yadda tsutsar ke fita daga ƙuman ta shiga mutum ba.

Saboda haka gardama ta ci gaba. Wasu likitoci na ganin tsutsar ta fata take shiga lokacin da mutum ya taka ruwa, tunda a ƙafa take fitowa. Wasu na ganin ta baki ne. Bambancin ba ƙarami ba ne: idan ta fata ce, sai a hana mutane shiga ruwa, idan ta baki ce, ruwan sha za a gyara.

A Accra, Leiper ya tattara 'ya'yan tsutsar daga ƙafafun masu fama da cutar, ya zuba su cikin ruwa mai ƙuma, ya riƙa duba yadda suke canzawa kullum. Ya ga cewa a ruwa kaɗai kwanaki kaɗan suke yi su mutu, amma a cikin ƙuman suna girma su sake kama. Daga nan ya yi gwajin da ya fi shahara. Ya haɗa ruwan asid mai rauni, daidai ƙarfin wanda ke cikin tumbin ɗan Adam, ya sa ƙuman da ke ɗauke da 'ya'yan kurkunu a ciki. Ƙuman suka mutu nan take, 'ya'yan tsutsar kuwa suka farka, suka yi ta motsi har suka fasa jikin ƙuman suka fito. Ma'ana, abin da ke kashe ƙuman a cikin mutum shi ne ke sakin tsutsar.

Sai ya ɗauki ƙuma masu ɗauke da cutar ya cusa a cikin ayaba ya ba wani biri. Bayan wata shida aka buɗe gawar birin aka samu tsutsotsi a jikinsa, maza da mata. Ya wallafa sakamakon a mujallar likitocin Birtaniya a 1906 da 1907. Cikakkiyar hujja ta ƙarshe ta zo ne daga baya a Indiya, inda masu bincike suka maimaita gwajin, har suka bi rayuwar tsutsar daga farko zuwa ƙarshe a jikin karnuka a shekarun 1930. Amma tun daga aikin Accra alƙibla ta fito: kurkunu shan sa ake yi a ruwa, kuma tace ruwa, ko tafasa shi, ko samar da rijiyar da ƙafar mutum ba ta shiga, ya isa ya katse shi.

Abin da ya sa kurkunu ke zuwa da damina

Da wannan bayani za a fahimci abin da mutanen Adar suka daɗe suna gani. A ƙasar da rijiyoyi ke da zurfi, ɗebo ruwa kuma aiki ne na wuni, idan ruwan sama ya sauka tabkuna da kududdufai suka cika, kowa can yake komawa. Manomi na gona, ƙishi ya kama shi, ya duƙa ya sha. Tsutsar na ɗaukar wata 10 zuwa 14 tana girma a jiki ba tare da wata alama ba, macen har takan kai tsawon mita ɗaya. Lokacin da za ta fito, wata daminar ta zagayo.

Sai bororo ya taso, galibi a ƙafa, da zafi kamar an ɗora garwashi. Mai ciwon ya nufi tafki ya tsoma ƙafar don ya ji sanyi. Da tsutsar ta ji ruwa sai ta saki dubban ɗaruruwan 'ya'ya. Ƙuman ruwa su haɗiye su, bayan kamar mako biyu sun isa kama wani. Haka cutar ke sabunta kanta duk shekara a tafki guda. Ita kuwa uwar tsutsar, sai a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, wani lokaci har makonni, idan ta tsinke ƙafar ta kumbura ta yi mugunya. A yankunan kurmi na bakin teku cutar ta fi tashi da rani, lokacin da rafuka ke tsinkewa su zama kududdufai. A Sahel kuwa da damina take tashi, daidai lokacin da ake buƙatar kowane hannu a gona.

Kalaba da tsutsar ido

Bayan Accra, Leiper ya je Alƙahira ya yi aiki tare da Arthur Looss, Bajamushen da a lokacin babu kamarsa a ilimin tsutsotsi. Ya kuma shiga wata tawagar bincike zuwa Uganda a 1907. A 1912 ya sake dawowa Afirka ta Yamma, wannan karon zuwa Kalaba a kudancin Najeriya, domin neman abin da ke yaɗa tsutsar ido, wadda masana ke kira Loa loa. Tsutsa ce da ke yawo a ƙarƙashin fata, wani lokaci a gan ta tana ratsa farin ido.

Ya gwada ƙwari iri-iri masu shan jini, yana barin su ciji masu cutar sannan ya feɗe su ya duba. A ƙarshe ya samu 'ya'yan tsutsar suna girma a cikin wani ƙuda mai cizo da rana, dangin bobuwa, da ke zaune a kurmi. Wannan binciken na da amfani har yau, domin maganin ivermectin da ake rabawa don yaƙi da makantar kogi na iya yin mummunar illa ga wanda jininsa ya cika da 'ya'yan tsutsar ido. Shi ya sa a ƙasashe irin su Kamaru sai an san inda wannan ƙuda yake kafin a raba maganin.

Tsuntsayen farauta da masu cin su

Aikin Leiper bai tsaya ga mutane ba. A farkon ƙarni na 20 wani tsuntsu dangin fakara da attajiran Birtaniya ke farauta a tsaunukan Scotland da arewacin Ingila ya riƙa mutuwa da yawa a wasu shekaru. Aka kafa kwamitin bincike wanda ya fitar da rahotonsa a 1911, Leiper na cikin masanan da suka yi masa aiki. Ya bi rayuwar wata siririyar tsutsar hanji, ya nuna yadda ƙwanta ke fita a kashin tsuntsun, ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su hau kan tsiron da tsuntsun ke ci.

Shekaru kusan tamanin bayan haka, wasu masana a Birtaniya suka ɗora a kan wannan aiki. Sun gano cewa tsuntsayen da tsutsar ta yi wa yawa sun fi saurin faɗawa bakin namun dajin da ke farautar su. Wato mai cin nama yakan tsince marasa lafiya daga cikin garke, idan kuma aka kawar da shi gaba ɗaya, masu ɗauke da tsutsa da yawa su daɗe suna yaɗa ta. Wannan darasi zai sake fitowa a labarin tsargiya.

Gardamar tsargiya

Tun 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar da ke sa fitsarin jini a jikin gawarwaki a asibitin Kasr el Aini da ke Alƙahira. Amma sama da shekara sittin bayan haka ba a san yadda take shiga mutum ba. An san ƙwanta na fita a fitsari, an san yana ƙyanƙyashewa a ruwa. Daga nan sai hasashe.

Looss ya dage cewa abin da ya fito daga ƙwan kai tsaye yake shiga fatar mutum, babu wata halitta a tsakani. Ya kuma dage cewa tsutsar iri ɗaya ce, duk da cewa ana ganin ƙwai iri biyu, mai ƙaya a ƙarshe da mai ƙaya a gefe. Louis Sambon na makarantar Landan ya ce iri biyu ne, a 1907 ya raɗa wa ta biyun sunan Manson. Martabar Looss ta sa mutane da yawa suka bi bayansa, gardamar kuma ta yi zafi a mujallu.

Haske ya fito ne daga Japan. A 1913 masana biyu, Keinosuke Miyairi da Suzuki, suka gano cewa nau'in tsutsar da ke ƙasarsu sai ta bi ta cikin wata 'yar katantanwar ruwa. A 1914 Leiper ya tafi Sin da Japan tare da Edward Atkinson, likitan sojan ruwa da ya jagoranci tawagar da ta gano gawar Kyaftin Robert Scott a yankin ƙanƙara na Antatika a 1912. Tafiyar ba ta yi daɗi ba. Sun sha wuya a Sin ba su samu abin da suke nema ba, kuma suka ɓata da juna. Sai da Leiper ya tsallaka Japan, da taimakon masanan ƙasar, ya samu katantanwar, ya tabbatar da abin da suka gano ta hanyar sa wa ɓeraye cutar. Ana cikin haka Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke.

Magudanar ruwan El Marg

Yaƙin ya tara dubban sojojin Birtaniya da Ostireliya a Masar. Hukumar soja ba ta manta da yadda sojojinta suka kwaso tsargiya a yaƙin Afirka ta Kudu ba, don haka a farkon 1915 ta tura Leiper, da muƙamin laftanar kanar na wucin gadi, tare da likitoci biyu, J. G. Thomson da R. P. Cockin. Looss kuwa, kasancewarsa Bajamushe, an riga an tilasta masa barin Masar.

Tawagar ta zaɓi ƙauyen El Marg da ke kusa da Alƙahira, inda mafi yawan yaran makaranta ke da ƙwan tsutsar a fitsari. Ƙauyen na shan ruwa ne daga wata magudanar ban-ruwa da ake rufewa lokaci-lokaci, abin da ya ba su damar shiga su tsinci katantanwa iri-iri. Suka riƙa ware su a kwalabe suna duban abin da ke fitowa daga kowace. Daga wasu sai ga ƙananan halittu masu wutsiya mai reshe biyu. Suka sa ɓeraye da birai a cikin ruwan da ke ɗauke da su. Bayan makonni aka samu manyan tsutsotsin a jijiyoyin jinin dabbobin.

Daga nan Leiper ya raba gardamar biyu. Tsutsar da ta fito daga katantanwa dangin Bulinus tana yin ƙwai mai ƙaya a ƙarshe, ita ce ta mafitsara, mai sa fitsarin jini. Wadda ta fito daga ɗaya katantanwar mai faɗi, da yanzu ake kira Biomphalaria, tana yin ƙwai mai ƙaya a gefe, ita ce ta hanji da hanta. Iri biyu ne, kowace da katantanwarta, kuma babu wadda ke iya kama mutum sai ta bi ta katantanwa.

Ya kuma fitar da shawarwari masu sauƙi: 'ya'yan tsutsar da suka bar katantanwa ba sa wuce kwana biyu a raye, don haka ruwan da aka ɗebo aka ajiye sa'o'i 48 babu katantanwa a ciki ya zama lafiyayye ta wannan fuska. Ɗumama ruwan wanka sosai na kashe su. Busar da magudanai lokaci-lokaci na rage katantanwa. Sojoji sun amfana da wannan nan da nan. Manoman Masar da aikinsu ke cikin ruwa kullum sun ci gaba da fama har gomman shekaru, faɗaɗa noman rani ma ya ƙara yawan cutar.

Sauran rayuwarsa

Bayan yaƙin Leiper ya zama farfesa a Jami'ar Landan, aka kuma zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya. A 1921 ya jagoranci wata tawaga zuwa ƙasar da yanzu ake kira Guyana kan cutar tundurmi. A 1923 ya kafa mujallar ilimin tsutsotsi da har yanzu ake bugawa. Ya buɗe cibiyar bincike a wata gona a St Albans, inda aka mayar da hankali kan tsutsotsin dabbobin kiwo da na amfanin gona, musamman wadda ke lalata dankali. Ɗalibai daga Indiya, Masar, Sin da ƙasashen Afirka sun yi karatu a hannunsa suka koma gida suka kafa nasu sassan.

An san shi da kaifin harshe da rashin ɗaga ƙafa ga aikin da bai gamsu da shi ba, abin da ya jawo masa abokan gaba a fagensa. An kuma soke shi da jinkirin wallafa cikakken bayanin wasu bincikensa. Ya bar kujerar farfesa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya ci gaba da jagorantar ofishin tattara bayanan ilimin tsutsotsi har zuwa 1958. Ya rasu a St Albans ranar 21 ga Mayun 1969 yana da shekara 88.

Shekara tamanin tsakanin sani da aiki

A ranar da ya rasu, kurkunu na nan daram a Afirka ta Yamma. Tarayyar Sobiyet ta riga ta nuna cewa ana iya kawar da shi, domin ta share shi daga birnin Bukhara a farkon shekarun 1930 ta hanyar gyara tafkunan birnin da hana masu ciwon kusantar su. Amma a ƙauyukan Afirka da Indiya, cuta ce ta talakan da ke nesa da birni, ba ta cika kisa ba, ba ta kuma zuwa asibiti balle a ƙirga ta. Gwamnatocin mulkin mallaka da waɗanda suka gaje su ba su sa ta a gaba ba.

Sai a shekarun 1980 aka fara yunƙuri na duniya. A 1986, lokacin da Cibiyar Carter ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta karɓi jagorancin aikin, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa duk shekara. Ƙidayar Najeriya ta ƙarshen shekarun 1980 ta samu sama da mutum 650,000. Ta Nijar a 1991 ta samu sama da 30,000, jihar Damagaram ce kan gaba, akwai kuma a Tillaberi, Maraɗi, Dosso da Tahoua. Janar Yakubu Gowon ya zagaya ƙauyukan Najeriya kan batun, Janar Amadou Toumani Toure na Mali ya yi irin haka a ƙasashen da ke amfani da Faransanci.

Kayan yaƙin su ne dai abin da binciken Accra ya nuna: ƙyallen tace ruwa a bakin tulu, bututun tacewa da makiyayi ke ratayawa a wuya ya sha da shi a tafki, rijiyoyin burtsatse, maganin Abate da ake zubawa a tafki ya kashe ƙuma, da 'yan sa-kai na ƙauye da ke ɗaure ciwon su hana mai shi tsoma ƙafa a ruwan sha. Nijar da Najeriya duk sun ga na ƙarshe da ya kamu a cikin gida a 2008. A 2023 mutum 14 kacal aka samu a duniya baki ɗaya. Abin da ke jan ƙafar aikin yanzu shi ne bayyanar tsutsar a jikin karnuka, musamman a Chadi tun 2012. Ga masu zuwa ci-rani ƙasashen da cutar ta saura, kamar Chadi, Mali da Sudan ta Kudu, wannan abin lura ne: mutum ɗaya da ya dawo da ita ya tsoma ƙafa a tafkin ƙauye ya isa ya mayar da hannun agogo baya.

A Janairun 2025 Nijar ta sake kafa tarihi, inda ta zama ƙasa ta farko a Afirka da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta kawar da makantar kogi.

Tsargiya ce ta rage

Ɗaya cutar ta Leiper ba ta tafi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 sama da mutum miliyan 250 ke buƙatar maganin kariya daga tsargiya, kusan kashi 90 cikin ɗari a Afirka. Tace ruwan sha ba ya hana ta, domin ta fata take shiga, wajen wanka, wanki, kamun kifi, ban-ruwa da shayar da dabbobi.

A jihar Tahoua, ruwan da ke raya jama'a shi ne kuma irin wanda katantanwa ke so: manyan tabkuna kamar na Tabalak da Dan Doutchi, madatsun ruwa na yankin Keita, da filayen noman rani na Konni da Galmi. A wurare da dama har yanzu ana ɗaukar fitsarin jini a wurin yaro namiji kamar abin da aka saba, wasu ma na ganin alamar balaga ce. Alhali ƙwan tsutsar da ke maƙalewa a jiki na jawo ƙarancin jini, ya hana yaro girma da fahimtar karatu, idan aka daɗe ya lalata ƙoda ko ya kai ga sankarar mafitsara. A jikin mata yana taɓa al'aura da mahaifa, yana iya hana haihuwa, sau da yawa kuma a ɗauka ciwon sanyi ne. Wanda ya bar ƙauye ya koma Yamai, Abidjan ko Turai na iya ɗauke da tsutsar shekaru bai sani ba. Gwajin fitsari na iya nuna ta, maganin praziquantel kuma na kashe ta.

Nijar ta fara raba wannan magani ga yaran makaranta a 2004. Wani bincike da aka yi a makarantun jihohin Tillaberi, Dosso da Tahoua a lokacin ya samu kusan yara uku cikin huɗu da cutar kafin a ba su magani, bayan shekara ɗaya adadin ya ragu da kusan rabi, ƙarancin jini ma ya ragu. Matsalar ita ce maganin ba ya hana sake kamuwa. Yaron da ya sha yau, gobe yana cikin tafkin.

Shi ya sa masana ke sake komawa ga katantanwa, da kuma abin da ke cin ta. A kogin Senegal, bayan an gama madatsar Diama a 1986, tsargiya ta ɓarke a garin Richard Toll da kewaye. Daga cikin dalilan akwai toshe hanyar wani babban jatan lande da ke hayayyafa a inda kogi ya haɗu da teku, wanda kuma katantanwa ce abincinsa. Da ya ɓace a saman kogin, katantanwa ta yi yawa. Wani gwaji da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa da aka mayar da jatan landen a wata mashaya, katantanwa masu ɗauke da cutar sun ragu, sake kamuwar mutane ma ta ragu.

Tabkunan Adar ba kogin Senegal ba ne, kuma kowane ruwa da irin halittunsa. Amma abin da aka gano a El Marg a 1915 bai canza ba: tsutsar na buƙatar fitsari ko bayan gida ya shiga ruwa, tana buƙatar katantanwa, tana buƙatar fatar mutum. Makewayi a ƙauye da makaranta, famfo ko rijiyar da za ta raba mata da yara da bakin tafki, da shan magani duk lokacin da aka kawo shi, kowanne na katse ɗaya daga cikin ukun. Ƙungiyoyin 'yan Adar mazauna waje da ke tara kuɗi su gina masallaci ko aji a garuruwansu na da damar sa waɗannan a cikin lissafi. Da ƙyalle da rijiya aka kori kurkunu, bayan an shafe shekara tamanin ana da sanin ba a yi aiki da shi ba. Ita tsargiya, sanin hanyarta ya riga ya haura shekara ɗari.